Lemon Bikin Rukayya

Kun girma kuna jin ana cewa ubanku ya sha giya a ƙasar Sin. Wasunku a makaranta aka goranta musu, wasu a bakin famfo wurin faɗa, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni, domin Ummanku ta yi muku tarbiyyar da ba a tsare uba da irin wannan tambaya. To tunda ba za ku tambaya ba, ni zan faɗa da bakina tun ina da sauran numfashi. Na sha. Kurɓa biyu na yi, wata ranar Juma'a, a wani kanti a birnin Gwanzu. Ta farko ban san abin da ke cikin kofin ba. Ta biyu na sani. Waɗanda suka kawo labarin nan Kano a nan suka tsaya, kamar wanda ya yanko wuyan riga ya ɗaga ya ce ga rigar. Ku zauna ku ji ragowar.

Aikina a Gwanzu dillanci ne. Ɗan kasuwa ya sauka daga Kano ko Maraɗi, ni zan tarbe shi a filin jirgi, in kai shi masauki. In takalma yake so mu nufi kasuwar Zhanxi, in tufafi ne mu hau benen Baima, in yi masa ciniki da kalkuleta da ɗan Sinancin kasuwa da na tsinta, in tsaya a kan kayansa har a rufe kwantena. Karatuna bai wuce firamare da allo ba, amma Allah ya ba ni riƙon amana, kuma a duk shekarun da na yi a can ba a taɓa cewa ko silifa ɗaya na wani ya ɓata a hannuna ba. Wannan ina alfahari da shi har gobe. A masaukinmu kuwa, da yake na girmi yawancinsu kuma muryata tana da daɗin karatu, ni ake turawa gaba idan lokacin salla ya yi. Daga nan aka lanƙaya mini suna Liman. Ba ni na roƙi sunan ba, amma na so shi fiye da kima. Idan aka kira ni da shi a tsakiyar kasuwa nakan ji kaina ya ƙara tsawo, kuma ban taɓa gaya wa kowa cewa mai sunan yana da baya ba.

A wannan shekarar ne Mukhtar ɗan Alhaji Haladu ya ga yayarku Rukayya. Alhaji Haladu babban ɗan kasuwa ne na kayan masarufi, yana cikin manyan waɗanda nake yi wa sayayya, kuma tsakaninmu da shi a dukiya kamar sama da ƙasa ne. Yaran suka so juna, so na gaskiya, wanda ko makaho ya shiga zauren gidanmu lokacin zance zai ji shi. Aka kai gaisuwa, aka sa rana, aka kawo lefe. Mutanensa sun yi ta ce masa ga 'ya'yan manya birjik, me ya kai shi gidan dillali, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, kuma a gabana ya sha maimaita ta:

"Ni ba kuɗi na je nema ba. 'Yar Liman na ɗauko wa ɗana. Gidan da ba a san komai ba sai salla."

Ni kuma sai in sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali daɗi nake ji.

Ana saura 'yan watanni biki sai Alhaji ya zo Gwanzu da wata dabara. Lokacin an fara yayin lemon inabi a bukukuwa, irin mai doguwar kwalba da aka naɗe wa wuya da takardar gwal, wanda babu giya a ciki. Alhaji yana so a yi masa nasa, da sunansa a jikin kwalba. Katan-katan na farko a bikin yaranmu za a buɗe su, kowane tebur a dire kwalba, duk Kano ta ɗanɗana ta tambaya, sannan ya zuba ragowar a kasuwa. Ya haɗa kai da wani abokinsa Bamaraɗe, Alhaji Isufu, mutum mai fara'a da surutu, wanda zai ɗauki wani kaso ya kai Nijar. Su suka samo mai kayan da kansu ta wurin wani a otal ɗinsu, wani Basine ana ce masa Cen. Ni dai raka su zan yi, in yi tafinta.

Muka yi sallar Juma'a a masallacin Huaisheng, muka fito cikin irin zafin nan na Gwanzu mai ɗanko, wanda riga ke manne wa mutum a baya. Lokacin laici ne, ɗan itacen nan mai jan ɓawo da farin ciki mai ruwa, an zuba shi tuli-tuli a bakin titi, ƙamshinsa ya cika unguwar. Muka ɗauki tasi zuwa kantin Cen, a hawa na sama na wani dogon bene. Ya tarbe mu hannu bibbiyu, yana ta "Nihau, lawban, nihau," wato sannu maigida, ya zaunar da mu a gaban teburin shayi, ga sanyin esi. Sannan ya buɗe firji ya ɗauko kwalba kore, babu ko takarda a jikinta, tunda sai mai saye ya zaɓi sunan da za a buga. Ya ce inabi iri uku aka haɗa, duk farare, ɗaya don ƙamshi, ɗaya don zaƙi, ɗaya don ɗan tsami. Da ya buga farashin a kalkuleta sai Alhaji Isufu ya dafe hula.

"Kai! Wanga ko ruwan leda ya hi shi tsada. Liman, tambaye shi hwa, babu abin nan ciki?"

Na tambaye shi. Cen ya kaɗa hannu biyu kamar mai korar ƙuda.

"Meyo, meyo! Halal, lawban. Meyo."

Meyo a bakinsu shi ne babu. Har ya jawo wata takarda mai jan hatimi ya nuna mana, rubutun Sinanci zalla, ni kuwa Sinancina na baki ne, ba na ido ba. Ya zuba mana a ƙananan kofunan gilas. Ruwan garai-garai, kalar kara busasshe, sanyi ya sa gilas ɗin yana gumi. Kafin in kai bakina ƙamshin ya riga ni: kamar laicin da muka baro a titi, da furen lemo, da wani abu kamar zuma daga nesa. Muka yi bisimilla, mu uku, muka kurɓa.

Zaƙinsa ba irin na lemon kwalba ba ne mai cika baki. Yana zuwa kaɗan a kan harshe, sai ɗan tsami ya biyo shi ya share, bakinka ya koma fes yana neman ƙari. Ba zan yi muku ƙarya ba, abu ne mai daɗi. Amma da ya wuce maƙogwaro sai na ji wani ɗan ɗumi ya sauka a ƙirjina ya baje a hankali, ya hau bayan kunnuwana. Abin sanyi ne daga firji, amma ɗumi ya bari. Sai na ji kamar wani tsohon abokin banza ya dafa kafaɗata ta baya ya ce, ashe kana nan.

Ga abin da ba ku sani ba. Ina saurayi na yi aiki a ɗakin cin abinci na wani otal a Legas, ina kwashe kwanuka. Turawa kan bar ragowar farar giyar inabi a kofuna, mu yaran kicin mu shanye kafin mu wanke. Da wasa aka fara, har ta kai ina saye da kuɗina, har na yi aure ban daina ba. Ummanku ta yi kuka, ta yi yaji, ta dawo. Ranar da aka haifi Rukayya na shigo ɗaki zan yi mata huɗuba a kunne kamar yadda kowane uba yake yi, Ummanku tana kwance ko tashi ba ta iya yi, ta shinshini numfashina sai ta janye jaririyar ta rungume.

"Ba da wannan bakin ba," in ji ta.

Maƙwabcinmu ne ya yi wa 'yata huɗuba ina tsaye a waje. Daga ranar ban ƙara ba. Muka tattara muka dawo Kano inda ba wanda ya san ni da wannan, Ummanku kuwa ta rufe maganar ruf, ko danginta ba ta gaya wa ba.

To a kantin Cen, bayan shekara ashirin da wani abu, harshena ya gane abin da ya taɓa. Sai na sake ɗaga kofin na kurɓa. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don in tabbatar ne. Ba haka ba ne. Na riga na tabbatar tun a ta farko. Ta biyun marmari ne, kuma ita nake roƙon Allah gafara a kanta har yau.

Na ajiye kofin na dubi abokan tafiyata. Bayin Allah, ba wanda ya taɓa sanin ɗanɗanon giya a cikinsu. Alhaji Haladu ya shanye nasa ya miƙa a ƙara, ya sake miƙawa. Alhaji Isufu ya cire hula ya ɗora a gwiwa yana dariya ba dalili.

"Wallahi wanga abu lahiya ne! Ciwon ƙugun da ni kwana da shi ya tahi. Patiron, a ƙaro!" Haka mutanen Nijar ke ce wa maigida.

"Liman, ka ji ƙamshi?" in ji Alhaji Haladu. "Ka ga matan nan ranar dina, kowacce da kofinta. Sai an yi shekara ana zancen bikin nan."

Sai na hango zauren bikin a idona. Na ga kakarku Inna da carbinta, an zuba mata. Na ga ƙawayen Rukayya 'yan Islamiyya, na ga malaman unguwa da za su zo walima, na ga ku kanku kuna ƙanana kuna wawason ragowar kwalabe. Bayan biki kuma kwantena guda ta watsu a shaguna, da sunan Alhaji a jiki, ana saye ana kai wa masu jego da marasa lafiya. Na kuma san wane ne Alhaji Haladu, na san dalilin da ya sa ya zo gidana neman aure.

Na fara da hanyar da ba za ta taɓa ni ba.

"Alhaji, da dai mun ɗauki kwalba ɗaya mun kai an gwada tukuna. Akwai wuraren gwaji."

"Gobe jirgina zai tashi, Liman. Ga takarda da hatimi, ga mutum ya ce halal. Me kuma za a gwada?"

"To bari ya buga wa masu kamfanin waya mu ji daga bakinsu."

Na gaya wa Cen, ya ce ba sai an buga ba, shi ne kamfanin. Alhaji Haladu ya riga ya fito da wayarsa zai tura kafin alƙalami, kuma a can da zarar kuɗi sun shiga, magana ta ƙare, washegari injin zai fara cika kwalabe.

"Alhaji, ranka ya daɗe, hankalina bai kwanta da abin nan ba. Taɓa kunnenka ka ji. Ba ka jin ɗumi a ƙirji?"

"Zafin garin nan ne. Kai wai me ke damunka yau?" Sai ya kalle ni a kaikaice, ya yi wata 'yar dariya. "Ko don ba kai ka samo lawban ɗin ba? In la'adarka kake ji, faɗi, zan ba ka. Ai mun zama ɗaya."

Alhaji Isufu ya ƙyalƙyale. "Liman na son kason shi! A ba Liman kason shi!"

Daga baya na yi ta tunanin wasu hanyoyi da zan iya bi. Da na ce cikina ya murɗa, da na ƙwace wayar da wasa, da na ce wani ya taɓa gaya mini alamunta. A lokacin ko ɗaya ba ta zo mini ba, kuma ina jin ko ta zo, Alhaji ba zai saurari jita-jita ba ga arha a gabansa. Yatsansa yana kan wayar. Na ɗora hannuna a kan nasa.

"Alhaji, kada ka tura. Wannan giya ce."

"Giya? A'uzu billahi. Kai ina ka san giya?"

"Na san ta kamar yadda ka san shinkafa in ka damƙa. Na sha ta shekaru a Legas kafin Allah ya shirye ni. Irin wannan ce ma, fara. Wallahi giya ce, Alhaji, kuma kofi uku ka sha."

Alhaji Isufu ya mayar da hularsa a hankali. Cen yana ta kallon fuskokinmu bai san me aka ce ba. Sai Alhaji Haladu ya miƙe, ya daka masa tsawa da Hausa, yana nuna wayar kantin, kuma wannan bai buƙaci tafinta ba. Cen ya buga, ya yi magana mai tsawo, fuskarsa tana sauyawa. Da ya ajiye sai ya haɗa babban yatsa da manuni ya bar 'yar ƙaramar tazara.

"Kaɗan-kaɗan, lawban. Wannan ba giya ba ce, ta mata ce. Ba ta bugarwa."

A wurinsu, in abu bai ƙona maƙogwaro kamar fetur ba, ba a lissafa shi. Har yau ban sani ba ko ya yi niyyar cutarmu ne ko shi ma haka ya ɗauka. Alhaji Isufu ya ruga banɗaki yana cusa yatsa a maƙogwaro, muna jin shi yana kakari yana istigfari. Alhaji Haladu kuwa ya tsaya ƙiƙam, idonsa a kaina, ba a kan Cen ba.

"Shekara nawa ina salla a bayanka?"

Muka sauko a lifta ɗaya. A bakin titi ya tsayar da tasi, suka shiga shi da Alhaji Isufu, ya ja ƙofar. Na taka da ƙafa har masauki, na wanke bakina da sabulu kamar yaro.

Ko kwalba ɗaya ba ta shiga jirgin ruwa ba. Ku riƙe wannan. Duk abin da za a ce game da ubanku, babu tsohuwa ko yaro a Kano ko Maraɗi da ya sha wannan abin a kan rashin sani, kuma bakina ne ya tsayar da shi.

Da la'asar na kira Ummanku na gaya mata komai, har kurɓa ta biyu. Sai ta ce:

"Ka faɗa musu da bakinka?"

"Da bakina."

"Abin da na rufe shekara da shekaru, Malam, ka je ka buɗe shi a kantin Chaina."

"Na buɗe."

"To. Da ka yi shiru, da ni zan zuba wa Inna da hannuna." Ta ja numfashi. "Ta biyun ce ban yafe ba tukuna. Ka ci abinci?"

Labari ya riga ni isa ko'ina. Alhaji Isufu ba mugu ba ne, amma ba ya iya riƙe labari mai daɗi, kuma yadda yake bayarwa har da nasa aman a ciki, mutane suna dariya. Sai dai labari in ya yi tafiya yakan zubar da kaya a hanya. Kafin ya kai Kano, su Alhaji sun fita daga ciki, kwantenar ta fita, saura ni da kofi a hannu. A masauki, da aka tayar da sallar magariba na gyara zan wuce gaba, sai wani ɗan kasuwar Kwari ta Kano ya riga ni ba tare da ya dube ni ba. Na koma sahu. Na ji an ce Alhaji har malami ya tambaya ko zai rama sallolin da ya bi ni, malamin ya ce masa wanda ya tuba kamar wanda bai yi ba ne, amma bai gamsu ba. Wasu daga cikin masu ba ni sayayya suka koma wurin wasu. Waɗanda suka tsaya kuwa sun tsaya da gaske, ɗaya ma cewa ya yi mutumin da zai tona kansa don kayan wani, shi yake so ya tsaya a kan kwantenarsa.

Sannan saƙo ya zo ta wurin Baffanku, wanda shi ne waliyyin Rukayya. Alhaji ya ce ba zai fasa ba, tunda yaran suna son juna kuma an riga an sa rana. Amma da sharaɗi: ranar ɗaurin aure kada a gan ni. In zauna a Sin, a ce aiki ya riƙe ni. Ba ya so manyan baƙinsa su zo ana nuna musu surukinsa da baki. Baffanku ya fusata, ni na lallashe shi. Na ce na yarda. Ni na ɓata, ba yarinya ba, kuma in rashina zai sa ta shiga ɗakin wanda take so, wannan ƙaramin abu ne. Na ce kada a gaya mata.

Na zo gida da kayan ɗakinta, gado da kujeru da labule da na zaɓa da kaina a Gwanzu, da tikitin komawa kafin ranar. Wata safiya ina zaune a tsakar gida ina shan koko, Rukayya ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, amma ba ta tashi ba.

"Baba, na ga Umma tana haɗa maka jaka."

"Aiki ne, uwata. Akwai kwantenar mutane."

"Baba, kwantenar ta fi ɗaurin aurena?"

Ta ce ƙawayenta sun daina haɗa ido da ita, ta ji ana ƙus-ƙus, kuma ta fi so ta ji daga gare ni. Sai na gaya mata, kamar yadda na gaya muku yanzu, ban rage Legas ba, ban rage kurɓa ta biyu ba, ban rage sharaɗin ba. Ba abin da ya fi wuya a rayuwata kamar wannan safiya. Tana sauraro tana murza gefen mayafinta.

"Lemon nan, su wa za su sha?"

"Duk wanda ya zo bikinki."

"Har Inna?"

"Har Inna."

"Shi Alhajin ya gode maka?"

"Kunya ce ta kama shi, uwata. Babban mutum ne, an gan shi a halin da bai so ba. Kada ki riƙe shi."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Da yamma Mukhtar ya zo zance, ta fita, ba ta daɗe ba ta dawo idonta jawur. Ummanku ce ta gaya mini abin da ta ce masa: ya je ya gaya wa mahaifinsa, in ubanta bai zauna a tabarmar ɗaurin aure ba, ita ma ba ta cikin auren. Na kira ta na yi mata faɗa, na ce ni na yarda, wa ya aike ta. Ta durƙusa har na gama, sannan ta ce:

"Baba, yau a ɓoye ka ranar ɗaurin aure, gobe a ɓoye ka ranar suna. 'Ya'yana su tashi ba su san ƙofar gidan nan ba. Ni ba zan iya ba."

Mukhtar yaron kirki ne, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya roƙi mahaifinsa, ya tura kawunansa, har ya zo ya tsuguna a gabana yana hawaye. Alhaji ya ce magana ɗaya yake yi. Rukayya ma ta ce magana ɗaya take yi. Aka fasa auren. Ba zan ce muku abin ya zo mata da sauƙi ba. Tana son yaron nan. Na sha jin kukanta ta bayan bango, ta rame har wuyanta ya fito, kuma ni na san ni ne sila. Ba zan kuma fake da cewa daga baya Allah ya ba ta wani mijin ba, ko da yake ya ba ta. Ita kaɗai ta san abin da ta ajiye a wannan shekara.

Ranar da suka zo karɓe lefensu, ƙanwar Alhaji ce ta jagoranci mata. Ummanku ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, ba su sha ba. Ni ina ɗaki, labule a sake, ina jin komai. Aka fito da akwatuna ana dubawa. Rukayya da kanta ta ɗauko na ƙarshe ta ajiye a gabansu, ta durƙusa ta gaishe su kamar ba komai. Sai matar ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke kuwa yarinya kin yi wauta. Gida kamar gidan Yaya, ki bar shi saboda mashayi?"

Na ji Ummanku ta motsa za ta yi magana, amma Rukayya ta riga ta, muryarta a ƙasa, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Gwaggo, mashayin nan ne ya hana ku raba wa mutanen Kano giya da hannunku. A gaida Alhaji. A ce ina yi masa fatan alheri."

Na ji ana jan akwatuna, na ji ƙofar mota, suka tafi. Ina nan zaune a bayan labule. Na yi shekaru ana kirana da sunan da ya fi ni, ina jin daɗi. Ranar nan aka kira ni da mafi munin sunana a tsakiyar gidana, 'yata ta amsa a madadina, kuma ban taɓa jin girma irin na wannan rana ba.